Nawa Take, Kuma Nawa Take Ci? Nasiha Ga Samarin Kutemeshi



Tun da waya ta shiga hannun kowa, motocin da iyayenmu ba su taɓa jin sunansu ba sun zama abin hira a majalisa. Yaron da bai taɓa wuce Funtuwa ba zai lissafo maka Ferrari da Lamborghini da Bugatti, ya gaya maka wadda ta fi gudu, ya nuna maka wadda ƙofarta ke buɗewa sama. Ban ga laifinku a nan ba. Ido yana son kyakkyawan abu, motocin nan kuwa aikin gwanaye ne na gaske, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan ƙarfe da lissafi. Abin da yake damuna shi ne tambayarku guda ɗaya ce tak: nawa take? Da an faɗi kuɗin sai a riƙe baki, a yi salati, a wuce bidiyo na gaba. Tambayar manya kuwa ban cika jin ta a bakinku ba. In an saye ta, nawa take ci a shekara? Wa zai gyara ta? Ranar da mai ita ya matsu, wa zai saya? A kan wannan nake so mu yi magana, domin amsar ta shafi babur ɗin da ke jingine a zauren gidanku fiye da yadda kuke zato.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ne ya fi ɗaukar hankalinku. A watan Mayun 2022 kamfanin Mercedes-Benz ya yi gwanjon wata tsohuwar motarsa ƙirar 1955, mai suna 300 SLR Uhlenhaut, a birnin Stuttgart na Jamus. An saye ta Yuro miliyan 135, kuɗin da ba a taɓa jin an sayi mota da shi ba kafin ranar. Guda biyu kacal aka ƙera, ɗayar tana hannun kamfanin. Ferrari 250 GTO kuma guda 36 aka yi daga 1962 zuwa 1964, a shekarar 2018 aka yi gwanjon ɗaya a Kalifoniya ta Amurka kan dala miliyan 48.4. McLaren F1 ta Ingila guda 106 ce duka-duka, an yi su tsakanin 1992 da 1998, kuma a 2021 ɗaya ta haura dala miliyan 20.

To me aka saya da wannan dukiya? Ferrari ta 1962 ba ta da na'urar sanyi, ba ta da rediyo, ƙarar injinta ta isa ta hana mutum biyu jin juna. Toyotar da wani ɗan kasuwa ke hawa a Kaduna ta fi ta daɗin zama nesa ba kusa ba. Masu haƙar zinariya a cikinku za su so jin wannan: a ɗakin injin McLaren F1 an shimfiɗa zinariya ta gaske, siririya ƙwarai, don ta riƙa mayar da zafi. Nauyinta kimanin giram 16. Kun fi ni sanin kuɗin giram ɗaya, ku yi lissafin da kanku, za ku ga zinariyar ba ta kai ko ɗigo ba a cikin dala miliyan 20. Ƙarancin motar ne ya kai ta can, ga masu kuɗin da ke son ta sun fi yawan motocin, kuma ba za a sake ƙera wata ba.

Sai dai ƙaranci shi kaɗai ba ya wadatarwa. Duk mai sayen irin wannan mota, kafin ya dubi fenti, takardu yake fara nema. Kowace tana da lamba da aka buga a jikin ƙarfenta, injinta ma yana da tasa. Za a duba ko lambobin sun dace da abin da ke rubuce a littafin kamfani tun ranar da ta fito. Wa ya fara sayenta, wa ya saya daga hannunsa, wace tsere ta shiga, yaushe ta yi hatsari, wane gareji ya gyara, duk sai an bi diddigi. Kamfanin Ferrari yana da sashe guda a garin Maranello na Italiya wanda aikinsa ke nan, ya binciki tsofaffin motocinsa ya ba da shaidar cewa wannan ta asali ce. Motoci biyu za su tsaya gefe da gefe, launi ɗaya, shekara ɗaya, amma wadda aka sauya wa inji ko aka rasa tarihinta na wasu shekaru sai kuɗinta ya faɗi warwas. Tarin rasit ɗin gyara da mai ita ya adana shekara da shekaru, shi ma dukiya ne, tare da motar ake sayensa.

A ƙasarmu ma akwai motar da tarihi ya ɗaga. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Irinta da yawa sun ruɓe a bayan gareji, an yanka su an sayar wa 'yan gwangwan. Ita kuwa mutane na zuwa daga nesa don su tsaya a gabanta, saboda an san wanda ya zauna a ciki da abin da ya faru.

Na tsaya a kan maganar asali ne saboda ta taɓa mu a inda yake mana ciwo. Ku da kuka tashi a bakin dajin nan kun san babura nawa aka ƙwace daga hannun manoma a hanyar gona. Kun san akwai gidajen da sai da suka sayi sabon babur suka haɗa da kuɗin fansa kafin a sako musu ɗan'uwa. Waɗannan baburan ba su ɓace daga duniya ba, yawo suke yi daga hannu zuwa hannu. Idan wani ya kawo maka babur Boxer mai sheƙi a rabin kuɗinsa, ba rasit, ba shaida, lambar inji an goge ta da fayil, kada arahar ta rufe maka ido. Ka tambayi kanka hawayen wa ke jikin wannan ƙarfe. Ko da ba ka ji tsoron ranar da jami'an tsaro za su tare ka da shi ba, ka ji tsoron ranar da za a tambaye ka inda ka samo. Attajirin Turai yana neman takardu don kada ya yi asarar kuɗi. Kai asararka ta fi tasa girma, domin mutuncin gidanku da lahirarka ne a ciki. Abin hawa duk ƙanƙantarsa, a saye shi a gaban shaidu, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, a san sunan mai sayarwa da garinsu da wanda ya tsaya masa.

Yanzu ga abin da bidiyo ba ya nuna muku. Ku ɗauki Bugatti Veyron, wadda aka yi guda 450 daga 2005 zuwa 2015. Injinta silinda 16 ne, tana gudun da ya wuce kilomita 400 a awa, kuma in aka sake ta iya gudunta, tankinta mai cin lita 100 zai ƙare a cikin minti 12. Juyen baƙin mai kawai, wanda ku kuke yi a bakin titi kuna hira, ita sai an kwance sassan jikinta kafin a kai ga inda man yake fita, aiki ne na sa'o'i masu yawa, kuɗinsa yakan kai dala 20,000. Tayoyinta na musamman ne da kamfanin Michelin ya yi mata ita kaɗai, saiti ɗaya ya haura dala 25,000, kuma ko ba a hau ba, in sun kwana biyu sai an sauya. Ga inshora, ga ɗakin ajiya mai daidaita zafi da laima, ga mai gadi, ga babbar motar da za ta ɗauke ta zuwa wurin gyara, wani lokaci har jirgin sama.

Ɗan wasan barkwancin nan na Ingila da kuka sani da Mista Bin, sunansa na gaskiya Rowan Atkinson, ya sayi McLaren F1 a 1997. Ya yi hatsari da ita sau biyu. Na biyun, a 2011, gyaransa ya ci fam 910,000, kamfanin inshora ne ya biya, motar kuma ta fi shekara a hannun masu gyara. Daga baya, a 2015, ya sayar da ita wajen fam miliyan 8. Masu ba da labarin sukan tsaya a kan ribar. Ni abin da nake so ku lura da shi shi ne dalilin da ya sa motar da ta yi hatsari har sau biyu ba ta faɗi ba. Kamfanin da ya ƙera ta shi ya gyara ta, da kayan asali, kowane ƙusa a rubuce. Da a ce ya kai ta inda za a yi mata ɗori a shafa fenti, da labarin ya sha bamban.

Wani zai ce to a kulle ta a ɗaki mana, kada a hau. Ajiya ma tana kashe mota. Robobin da ke tare mai suna bushewa su tsage, fetur ya lalace a tanki, batir ya mutu, man birki ya sha laima, taya ta kwanta ta gefen da ke ƙasa, ɓera ya shiga ya ci wayoyi. Dole a riƙa tayar da ita, a ɗan zaga da ita, a sauya mai ko ba ta yi tafiya ba. In kuma aka hau ta da yawa, lambar tafiyar da ke jikin agogonta ta hau, kuɗinta ya sauka. McLaren ɗin da na ce an sayar a 2021 ƙirar 1995 ce, amma tafiyar da ta yi a duk rayuwarta ba ta kai kilomita 400 ba. Shekara ashirin da shida ana yi mata hidima, masu ita ba su more ta ba. A ganina wannan ba jin daɗi ba ne, gadi ne mutum yake yi wa wanda zai saya a gaba.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin ya san doki. Kuɗin doki rana ɗaya ake biya. Harawa da dusa da dawa da kanwa da yaron barga kuwa kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba, ko ana Sallah ko ana tsakiyar bazara. Shi ya sa a da ba kowa ke ɗaure doki ba, kuma wanda ya ɗaure ya kasa ciyarwa, haƙarƙarin dokin ne ke tona masa asiri a gaban jama'a.

Kuɗi ma ba ya maye gurbin kulawa. Sarkin Brunei da ƙaninsa Yarima Jefri sun tara dubban motoci na alfarma a shekarun 1990, wasu an ƙera su ne musamman don gidansu. Ƙasarsu mai zafi ce da laima. Da yawa daga cikin motocin an bar su a rufe ba mai dubawa, har fumfuna ta cinye kujeru, roba ta narke. A Faransa kuma wani mai harkar sufuri, Roger Baillon, ya tara tsofaffin motoci da niyyar buɗe gidan tarihi, kasuwancinsa ya karye, motoci wajen 60 suka yi shekaru a ƙarƙashin rumfunan kwano. Da aka yi gwanjonsu a Paris a watan Fabrairun 2015, wata Ferrari da aka tarar an jibga mata tsofaffin mujallu a kai ta yi Yuro miliyan 16 da ɗoriya. Labarin wannan guda ɗayar ake yaɗawa, har wasu su ɗauka duk tsohuwar mota in ta daɗe za ta zama dukiya. Sauran da yawa tsatsa ta riga ta cinye su, duk wanda ya saya sai ya kashe wani kuɗin mai yawa kafin su motsa. Tsufa kaɗai ba ya ƙara wa mota daraja. Cikin motoci dubu, ɗari tara da casa'in da tara kuɗinsu raguwa yake yi tun ranar da aka fitar da su daga shago.

Ko waɗanda ba su da yawan ma, kasuwarsu tana hawa tana sauka. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a watan Agustan 1988, farashin motocinsa ya yi tashin gwauron zabo. Mutane suka riƙa cin bashin banki suna saye don su sayar. Ba a yi shekara uku ba kasuwar ta rushe, aka bar su da mota da bashi. A daidai lokacin ne kamfanin Jaguar ya nuna wata mota mai suna XJ220, masu kuɗi suka yi rububin ba da kafin alƙalami na fam 50,000 kowanne. Kafin motar ta fito a 1992 a kan fam 470,000, tattalin arziki ya juya, da yawansu suka nemi janyewa, har aka kai ga kotu. Farashin da kuke gani a waya ba kuɗi ba ne a aljihu. Sai an sami mai saye, a ranar da ake buƙata, sannan gidan gwanjo ya cire la'adarsa, wadda takan kai kashi 10 cikin 100.

A nan gida akwai wani ruɗi da ya fi wannan kusa da ku. Za ka ji mutum yana cewa ya sayi mota ko babur shekara uku da suka wuce, ya hau ya more, ya sayar fiye da yadda ya saya, saboda haka abin hawa ajiya ce. Ku yi hattara da wannan lissafi. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura naira 1,500. Naira ce ta rame, babur ɗin bai yi ƙiba ba. In kana son gaskiya, ka tambayi kanka: kuɗin da na karɓa yau zai sayo mini sabo irin wanda na saya a wancan lokaci? In bai kai ba, to asara ka yi, ko da takardun kuɗin sun fi yawa a hannunka. Sannan ka haɗa da abin da ya ci. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Kayan gyara kuma kusan duk daga waje ake shigo da su, duk sanda dala ta motsa su ma sai sun motsa.

Mu mutanen Birnin Gwari mun ga wani abin da littattafan kasuwanci ba su cika faɗa ba, wato darajar abin hawa tana rataye ne da zaman lafiya. A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur na wata uku saboda matsalar tsaro, aka katse layukan waya a wasu yankuna, bayan an riga an dakatar da kasuwannin mako da sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi irin tamu. Wanda duk jarinsa ke kan babur ya wayi gari da ƙarfe a ɗaki, ba haya, ba mai saye da daraja. Shekaru aka yi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ba ta biyuwa sai da rakiyar jami'an tsaro, kuma sai a watan Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar kara bayan doguwar rufewa. A waɗancan shekaru mota mai sheƙi a ƙofar gida ba abin alfahari ba ce, alama ce ga masu kai rahoto daji. Allah kada ya maimaita mana. Amma wanda ya ga wannan da idonsa bai kamata a sake ruɗarsa da ƙyale-ƙyale ba. Motocin da kuke kallo ma, tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Daga Kutemeshi zuwa bakin kwalta da damina, ko kilomita ɗaya ba za su yi ba.

Ba zan ɓoye muku abin da ya fi ba ni tsoro ba. Kallon abin da ba ka da hanyar samu, in ya yi yawa, yakan sa zuciya ta fara neman gajeriyar hanya. Wasu daga cikin masu nuna motocin nan aro suka yi don ɗaukar hoto. Wasu kuma nasu ne, amma ku dubi ƙarshensu. Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini, hukumomin Suwizalan sun ƙwace motocinsa 25 a binciken almundahana, aka yi gwanjonsu a watan Satumban 2019 kan kimanin dala miliyan 27. Ramon Abbas, ɗan Nijeriyar da aka sani da Hushpuppi, wanda miliyoyin matasa ke bin hotunansa a Instagram, an kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, aka kwashe motoci 13, kuma a watan Nuwamban 2022 kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3 saboda damfara. Kwaɗayi mabuɗin wahala. A wajenmu gajeriyar hanyar ba ta intanet ba ce kawai, kun san inda take bi, kun kuma san samari nawa suka bi ta ba su dawo ba.

To mu dawo kan abin da ke hannunku. Ku ɗauki samari biyu da suka sayar da masara da kaka suka sayi Boxer rana ɗaya. Na farko, kowace safiya kafin ya tayar, sai ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge ya mayar ya sake dubawa. Ya taɓa kaca ya ji ko ta saki, ya ɗiga mata mai. Hanyarmu jar ƙasa ce, da rani ƙura, da damina taɓo, saboda haka duk mako yana ciro soson da ke tace iska ya wanke ya shanya. Ba ya jira sai mai ya yi baƙi ƙirin ya tsinke kafin ya juye. In dole ta sa ya sayi man bumburutu, sai ya ɗaga kwalbar ya duba ko akwai ruwa ko datti a ƙasa. Yana da ɗan littafi a cikin leda, tare da rasit ɗin saye, inda yake rubuta ranar da ya juye mai, da ranar da ya sauya taya ko fulogi, da abin da ya biya. Kuma duk ranar da ya yi haya, yana ware wani abu a gefe wanda ba na cefane ba ne, na babur ne.

Na biyu kuwa ya cire salansa don a ji zuwansa, ya manna fitilu masu launi, yana ɗora buhu uku da mutum a kai, yana tashi da ƙafa ɗaya a gaban 'yan mata. Mai sai inji ya fara ƙara yake tunawa da shi. Kafin kaka ta zagayo hayaƙi ya fara fita, makanike ya ce sai an sauke inji an sa ringi da fistan, kuɗin kuma babu, domin abin da babur ya kawo an cinye shi tun ranar. Sai a jingine shi a zaure, ko a sayar da akuyar uwa a gyara. Ranar da su biyun suka kai kasuwa, dillali ba zai tambayi wanda ya fi iya wasa ba. Zai tayar ya saurari inji, ya dubi hayaƙi, ya girgiza ƙafar baya, ya nemi takarda. Abin da mai sayen Ferrari yake yi a Turai ke nan, bambancin yawan kuɗi ne kawai.

Saboda haka duk wanda Allah ya buɗa masa, ko ta gona ko ta ramin zinariya, ya zauna ya yi lissafin shekara kafin ya yi na rana ɗaya. Kuɗin zinariya musamman yana zuwa ne a dunƙule, ya sa yaro ya ga kamar gobe ma haka za ta kasance, alhali rami ba ya yin alkawari. Ka rubuta abin da motar za ta sha na mai a wata, da juyen baƙin mai, da taya, da sabunta takardu, da gyaran da ba a shirya masa ba. Ka tambaya ko akwai mai gyaranta a Birnin Gwari ko Funtuwa, ko kuwa sai an ja ta zuwa Kaduna. Ka tambaya ko ana samun kayanta a kusa. In abin hawan zai kawo kuɗin da ya fi abin da yake ci, bismilla. In kuwa gonarka ce za ta riƙa ciyar da shi, ka haƙura tukuna, ka sayi shanun huɗa, ko injin ban ruwa, ko taki, ko ka ƙara fili. Daidai ruwa daidai tsaki. Iyayenmu sun riƙe Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, wasu sun yi shekara ashirin da mota ɗaya. Ba don ta fi sauran kyau ba, sai don kowane gari akwai wanda ya san cikinta, kayanta kuma ko'ina ana samu.

Akwai mutum ɗaya a duk wannan harka da ban taɓa ganin kun yi sha'awar zama shi ba, kuma shi ne ba ya asara. Kasuwa ta hau ko ta sauka, mai mota ya ci riba ko ya karye, mai gyara sai an biya shi. Masu iya taɓa McLaren F1 a duniya 'yan kaɗan ne, har kamfanin ya daɗe yana adana wasu tsofaffin kwamfutocin Compaq na shekarun 1990 saboda da su ake iya karanta lafiyar motar. Attajirin da ya biya dala miliyan 20 dole ya jira layin wannan makanike. A wajenmu ma haka abin yake tafiya. Motocin yanzu cike suke da waya da na'ura, wanda ya iya sa kwamfuta ya gano ciwon mota ya fi mai dukan ƙarfe da guduma samu. Tarakta na lalacewa a tsakiyar damina a rasa mai gyara sai an ɗauko daga Zariya ko Kaduna. Injin ban ruwa, injin casar masara, injin niƙa, famfon sola, duk suna ƙaruwa a ƙauyukanmu, masu gyaransu na ƙwarai kuwa ba su da yawa.

Ina roƙon wanda wannan sha'awa ta motoci ta kama da gaske, kada ya bar ta ta ƙare a kallo. Ya nemi izinin iyaye, ya je garejin da ake aikin gaskiya, ko a cikin Birnin Gwari, ko Funtuwa, ko Panteka a Kaduna, ya durƙusa ya koya. Ya haƙura da wankin sufana da aiken oga na shekarun farko, ya riƙe karatunsa na boko domin littafin gyara da kwamfuta sai mai karatu, kada kuma ya taɓa sa wa mutum tsohon kaya ya ce sabo ne. Ku kuma iyaye da yayye, in yaro ya zo da wannan buƙata, ku taimaka masa da kuɗin mota da na kayan aiki, ku damƙa shi a hannun mutumin kirki. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a abin da kuke nema.